Sharhi: Tikitin resto, gadon kwana da amikal, abubuwan da ke riƙe ɗaliban Tasawa da Mayahi a jami'a

A kowace shekara, da zarar an bayyana sakamakon jarrabawar BAC, gidaje da dama a gundumomin Tasawa da Mayahi sukan shiga murna, daga baya kuma lissafi ya biyo. Babu jami'ar gwamnati a ɗaya daga cikin gundumomin biyu, don haka duk yaron da ya yi nasara dole ne ya ɗauki jakarsa zuwa Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Tambayoyin da iyaye ke yi a wannan lokaci ba kasafai suke shafar darasi ba. Suna son su san inda zai kwana, abin da zai ci, wanda zai tsaya masa idan ciwo ya kama shi, da kuma ranar da kuɗin burs za su fito.

A muhawarar da ake yi kan gyaran ilimi mai zurfi a Nijar, an fi mayar da hankali kan yawan malamai, ɗakunan karatu da kwasa-kwasan da suka dace da kasuwar aiki. Ana ɗaukar ɗakin cin abinci, gidajen kwana, filin wasa da ƙungiyoyin ɗalibai a matsayin ƙarin jin daɗi da za a iya dubawa daga baya. Ga ɗalibin da ya fito daga Urafan, Korgom, Kanambakashe ko Isawan, waɗannan abubuwa su ne ke yanke hukuncin ko zai kai ga karɓar digiri ko zai koma gida a tsakiyar shekara ta biyu.

Ƙofar da kaɗan ke shiga

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa kowace daga cikin gundumomin Tasawa da Mayahi na da mutane sama da rabin miliyan, a cikin jihar Maraɗi wadda ta fi miliyan 3. Galibinsu manoma ne da makiyaya masu dogaro da damina ɗaya: hatsi, dawa, wake, gyaɗa da riɗi. A faɗin ƙasar kuwa, alƙaluman UNESCO na shekarun baya sun nuna cewa matasan da ke shiga makarantun gaba da sakandare ba su kai 5 cikin 100 na sa'o'insu ba. Ita kanta jarrabawar BAC, akwai shekarun da kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai na waɗanda suka zauna mata suka tsallake.

Ke nan a Nijar kowace jami'ar gwamnati wuri ne na zaɓaɓɓu, ko da bangonta bai sha fenti ba. Yaron ƙauye da ya kai can ya riga ya tsallake shinge da yawa: firamare a garinsu, kolej a hedikwatar ƙaramar hukuma, sannan lise a Tasawa ko Mayahi, inda sau da yawa yake zaune a hannun mai masauki, yana cin abin da aka ba shi. Asarar irin wannan ɗalibi a matakin jami'a saboda yunwa ko rashin wurin kwana asarar shekaru 13 ce na kuɗin gwamnati da na iyaye.

Buɗe jami'o'i a jihohi ya rage nisa sosai. Kafin 2008, kusan kowa sai ya je Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. A waccan shekarar aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha na IUT a Maraɗi, Tawa da Damagaram, kuma a 2010 aka mayar da garuruwan uku mazaunin jami'o'i masu cin gashin kansu. Ta Maraɗi, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, tana koyar da aikin gona da muhalli, kimiyya da fasaha, da kuma kiwon lafiya. Daga Tasawa zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne a kan babbar hanya mai lamba 1, kuma kusan haka nisan yake zuwa Damagaram inda jami'ar André Salifou take. Wanda ke son karatun shari'a kuwa yakan nufi Tawa ko jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Sai dai kusancin bai kai na a kwana gida a wayi gari a aji ba. Ko a Maraɗi, ɗan Mayahi baƙo ne mai bukatar ɗaki da kwano.

Resto da burs, igiya ɗaya

Tsarin kula da rayuwar ɗalibai a Nijar gado ne daga Faransa, inda hukumomin CROUS ke riƙe da abinci da gidajen kwana tun 1955. A nan, cibiyoyin CROU na kowace jiha ne ke da alhakin ɗakin cin abinci da ɗalibai ke kira resto, da gidajen kwana, motocin jigila, ɗakin shan magani, wasanni da al'adu. Hukumar ANAB kuma ita ce ke biyan burs da tallafin da ake bai wa waɗanda ba su samu burs ba.

A kan takarda tsarin yana da sauƙi. Gwamnati na ɗauke kaso mafi yawa na kuɗin abinci, ɗalibi ya sayi tikiti da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya shiga layi ya karɓi shinkafa da miya ko taliya. A aikace, tikitin da burs a ɗaure suke da igiya ɗaya. Idan burs ta yi jinkiri na watanni, kamar yadda ƙungiyoyin ɗalibai suka sha kokawa a ƙarƙashin gwamnatoci daban-daban, ko tikitin mai rahusa sai ya gagara. Idan kuma baitulmali ya yi jinkirin biyan ƴan kasuwar da ke kawo shinkafa da mai, tukunyar resto ce ke tsayawa. Ɗan birni yana da tuwon gidansu da zai koma. Ɗan ƙauye kuwa sai garin rogo da ƙuli-ƙuli, ko bashi wurin mai shago da mai shayi.

Akwai kuma matsalar kalanda. Yajin aikin malamai da na ɗalibai ya sha sa shekarun karatu su hau kan juna, har a kai watannin Yuli, Agusta da Satumba ana cikin darasi ko jarrabawa. Waɗannan su ne watannin da rumbunan Tasawa da Mayahi suka fi zama fayau, farashin tiyar hatsi ya hau, kuma uba ke bukatar hannun ɗansa a gona. A daidai lokacin da ɗalibi ya fi bukatar a aiko masa da ƴan kuɗi, a lokacin ne gida ya fi rasa abin aikawa. Faɗuwar darajar naira tun tsakiyar 2023 ta ƙara tsananta lamarin ga iyalan da ke dogaro da ƴan ci-rani a Najeriya, domin abin da ake aikowa ya ragu idan aka canza shi zuwa sefa. Takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024, ya taɓa jihar Maraɗi fiye da wurare da dama saboda dogaronta da kan iyaka.

Tarihin yankin ya nuna cewa kwanon ɗalibi batu ne na siyasa. A Najeriya, ƙarin kuɗin abinci da na kwana a jami'o'i ne ya haddasa boren 1978 da aka sani da sunan ministan ilimi na lokacin, Ahmadu Ali, inda aka rasa rayuka a Legas da Zariya. A Senegal, a watan Mayun 2018, an harbe wani ɗalibi a jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis lokacin da ɗaliban da ba a biya burs ba suka nemi cin abinci a resto ba tare da tikiti ba. A Yamai, zanga-zangar 10 ga Afrilun 2017 kan yanayin karatu da rayuwa ta yi sanadin mutuwar ɗalibi Malah Bagalé, aka kuma rufe kampus na wani lokaci. Duk gwamnatin da ta san wannan tarihi ta san cewa jinkirin burs yana da tsada fiye da biyanta.

Gadon kwana da makomar ƴan mata

Yawan ɗalibai ya daɗe da zarce yawan gadajen da ke gidajen kwanan jami'o'in ƙasar. Ɗakin da aka tsara don mutum biyu yakan ɗauki fiye da haka, domin wanda ya samu gado ba ya iya korar ɗan garinsu. Sauran kuma sukan haɗa kuɗi su kama hayar ɗaki a unguwannin bayan gari, su riƙa jiran motar CROU ko su biya kabu-kabu.

Ga ɗalibi namiji wannan wahala ce da ake jurewa. Ga mace kuwa, sau da yawa nan ne maganar karatu ke ƙarewa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka zarce wannan adadi. Yarinyar da ta kai ga cin BAC a Mayahi ta riga ta saɓa wa abin da aka saba gani. Mahaifin da ya bar ta ta kai nan zai so ya ji takamaiman amsa kan inda za ta kwana da wanda ke tsaron ƙofar. Idan amsar ita ce ɗakin haya a unguwar da ba a san kowa ba, iyaye da yawa za su zaɓi aure ko wata gajeriyar makaranta kusa da gida. Saboda haka yawan gadajen da aka keɓe wa mata yana da tasiri kai tsaye kan yawan likitoci, unguwarzoma da malamai mata da asibitoci da makarantun karkara za su samu nan da shekaru 10.

Amikal, fada da ƙungiyar gwagwarmaya

Inda hukuma ta gaza, ɗalibai sun gina nasu tsarin. Kusan kowace gunduma, wani lokaci har ƙaramar hukuma, tana da ƙungiyar ɗalibai ƴan asalinta, wadda ake kira amikal. Ita ce ke tarbar sabon ɗalibi a tasha, ta nuna masa yadda ake rajista da cike takardun burs, ta samo masa gefen katifa. Ita ce ke karo-karo idan wani ya kwanta asibiti ko aka yi masa rasuwa. A lokacin hutu kuma, mambobinta kan koma gida su shirya darussan share fage ga ƴan kolej da lise, wanda a garuruwa da yawa shi ne kaɗai ƙarin darasin da ɗan talaka ke samu kyauta.

Ƙasa da amikal akwai fada, wato majalisar shan shayi da matasan biranen Nijar suka saba da ita tun shekarun 1990. A kampus, fada wuri ne na musayar kwafin darasi, labarin guraben aiki da gardamar siyasa, kuma sau da yawa kwano ɗaya ake sa wa hannu. Akwai kuma ƙungiyoyin addini da ke riƙe da masallatai da buɗa-baki a watan azumi, da kulob na kimiyya, wasan kwaikwayo da koyon harsuna.

A saman duka akwai Ƙungiyar Ɗaliban Nijar, USN, wadda aka kafa a 1960, da rassanta na kowace jami'a. Matsayinta a tarihin ƙasar ba ɓoyayye ba ne. Kisan ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 na cikin abubuwan da suka buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991 da siyasar jam'iyyu da yawa. Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe manyan muƙamai daga baya a can suka koyi magana a gaban taro. Sai dai ƙarfin ƙungiyar a kampus yana da nasa matsalolin. A Yamai, an daɗe ana taƙaddama kan rawar kwamitin ɗalibai mai kula da tsari da walwala, CASO, kuma a 2018 rikici tsakaninsa da malamai ya kai ga dogon yajin aikin ƙungiyar SNECS da korar wasu shugabannin ɗalibai. Idan rabon gado da tsarin layin resto suka dogara da sanayya, wanda ya zo daga nesa ba tare da kowa ba shi ne ke cutuwa.

Amikal ma tana da iyaka. Ƙarfinta ya danganta ga yawan manyan ma'aikata da ƴan kasuwar da garin ke da su a birni. Garin da ke da tsofaffin ƴan boko yana iya kama wa ƴaƴansa gida, wanda ba shi da su kuwa sai haƙuri. Haka kuma ƴan siyasa sun daɗe da gane cewa buhun shinkafa ga amikal hanya ce mai sauƙi ta samun matasan yaƙin neman zaɓe.

Tasawa tana da dalilin kallon wannan fage da idon basira. A garin aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a 1929, masanin kimiyyar makamashin rana wanda babbar jami'ar ƙasar ke ɗauke da sunansa tun 1992. Kafin ya zama shugaban jami'ar Yamai, ya kasance cikin jagororin farko na ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, FEANF, kuma littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu. Yau da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kulob na adabi da muhawara a jami'ar Maraɗi suna da aikin da za su iya fara yi tun kafin manhaja ta canza.

Wasanni: fili akwai, tsari ne babu

A jami'o'in da suka yi suna a duniya, wasa wani ɓangare ne na martabar makaranta. Oxford da Cambridge a Ingila suna tseren kwale-kwale tun 1829. A Amurka, jami'o'i na ɗaukar nauyin karatun matasa saboda gwanintarsu a fili. Ko a maƙwabciya Najeriya, gasar wasannin jami'o'i ta NUGA tana gudana tun 1966, kuma jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi fice a cikinta.

A Nijar wasan ɗalibai ya fi tsayawa kan gasar ƙwallon ƙafa tsakanin tsangayoyi ko tsakanin amikal, a filin ƙasa, da rigunan da aka haɗa kuɗi aka saya. Ɗaliban Tasawa da Mayahi sun fi samun damar nuna kansu a gasar babban hutu ta TGV idan sun koma gida. Abin mamaki shi ne yadda kokowa, wasan da ya fi kowane tara jama'a a ƙasar, ba ta da gurbin a zo a gani a jami'a. Maraɗi ce ta ba da zakaran farko na Takobin Ƙasa a 1975, Yacouba Ango wanda aka fi sani da Kantu, kuma filin kokowar birnin sunansa yake ɗauke da shi. Yaran karkara da ke shigowa jami'a sun tashi suna kokowa a dandali bayan girbi. Gasar kokowa ta jami'o'i ba ta bukatar ciyawa ko manyan fitilu, yashi da alƙali sun isa, kuma za ta ba ɗan ƙauye fagen da yake gaba da ɗan birni. Ga ɗalibai mata kuwa, rashin keɓantaccen wuri da lokaci ya sa mafi yawansu ba sa shiga kowane irin wasa.

Tazara tsakanin mai shi da marar shi

A birnin Maraɗi akwai kuma jami'o'i masu zaman kansu, ciki har da ta Maryam Abacha da aka buɗe a 2013, wadda ta jawo ɗalibai da yawa daga Najeriya. A irin waɗannan makarantu iyaye ne ke biyan komai, kuma kalandar karatu ba ta cika tsayawa saboda yajin aiki ba. Masu hali a Nijar ma sun daɗe suna tura ƴaƴansu Maroko, Aljeriya, Turkiyya, Senegal ko Faransa. Idan rayuwa a jami'ar gwamnati ta ci gaba da zama gwajin juriya, za a wayi gari da rukuni biyu na masu digiri: waɗanda suka gama a kan lokaci da abokan da za su buɗe musu ƙofa, da waɗanda suka ɓata shekaru biyar a kan karatun shekaru uku.

Abin da ke hannun hukumomi

Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ɗora manufarta kan dogaro da kai, kuma ɗalibai da yawa sun fito cikin gangamin da ya kai ga ficewar sojojin Faransa a ƙarshen 2023. Wannan goyon baya ba zai hana tsoffin koke-koke dawowa ba idan tukunya ta tsaya. Akwai matakan da ba su bukatar jiran manyan gine-gine.

Na farko shi ne tsayayyar ranar biyan burs da kowa ya sani, ko da kuɗin ba su ƙaru ba, domin ɗalibin da ya san ranar zai iya tsara bashinsa. Na biyu, bayyana ƙa'idojin rabon ɗakuna a fili, tare da fifita mata da waɗanda suka fito daga nesa. Na uku, haɗa resto da manoman jihar: waken Mayahi da hatsin Tasawa suna iya shiga tukunyar CROU ta hanyar yarjejeniya da ƙungiyoyin manoma a lokacin kaka, sa'ad da farashi ke ƙasa, maimakon dogaro kacokan da shinkafar waje. Na huɗu ya shafi ƙananan hukumomi, waɗanda kantomomi ke riƙe da su tun bayan rusa majalisun da aka zaɓa a 2024. Gundumar da ke da ƙananan hukumomi bakwai ko takwas tana iya haɗa ƙarfi ta kama gida ɗaya a Maraɗi don ɗalibanta mata, da mai kula da aka amince da ita, a rubuta shi cikin kasafi maimakon a bar shi ga alherin wani attajiri.

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Asibitocin gundumomin Tasawa da Mayahi suna jiran likitoci, gonakin Gulbin Kaba suna jiran masana aikin gona, makarantun lise suna jiran malaman lissafi, kuma waɗanda suka fi yiwuwar karɓar aiki a can su zauna su ne ƴaƴan yankin da ke layin resto a yau. Kasafin kuɗin CROU da ANAB na shekara mai zuwa, da ranar da kuɗin za su isa hannun masu su, su ne za su nuna nawa daga cikinsu za su kai ƙarshen karatun.